Zabibin da Nake Sakawa a Bokitin Mijina

Anti Rosina, don girman Allah ki taimake ni kafin Lahadi. Ban taɓa rubuto wa jarida wasiƙa ba. Ni mai karantawa ce kawai, in yi dariyar matan da ke kawo miki ƙarar mazajensu, in ce Allah ya kyauta, in naɗe ɓawon dankali da shafin. Yau ga ni a layi. Ni kuma ba ƙarar mijina na kawo ba, ƙarar kaina na kawo. Sunayen da zan faɗa ba na gaskiya ba ne, amma duk wanda ya ci abinci a bikin da zan ba ki labari zai gane mu.

Mijina Barend a jirgin ƙasa ya yi aiki har ya yi ritaya, shi ne mai ba jirgi hannu ya tsaya ko ya wuce. Mutum ne da in takarda ta ce a juya sau uku, ko gobara ake a gidan ba zai juya sau biyu ba. Da ya bar aiki sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara duk abin da ke gidan, har wanda bai lalace ba. Ana haka korona ta zo, aka hana sayar da giya, mazan unguwarmu duk suka zama masana, kowa da bokitin haɗa giyar abarba a bayan ɗaki. Da aka buɗe shaguna kowa ya watsar, Barend ya riƙe. Ya gano kwalayen nan na haɗa giyar inabi a gida, masu zuwa da ledar ruwan inabi mai kauri da ƙullin yis da takardar bayani. Akwai masu tsada, akwai masu araha. Fanshonmu mafi arahar yake iya saye.

Ta farko da ya yi, Anti, ba zan ɓoye miki ba, kamar an ɗauraye kwalbar giya an ba ka ruwan. Ga launi ja, amma in ka haɗiye ba ka san ka sha komai ba. Ya tara mu ranar Lahadi ya zuba wa kowa, yana tsaye yana kallon bakinmu. Muka ce ta yi daɗi. Ɗanmu ya bari Barend ya juya baya ya tuttule tasa a tukunyar fure, ashe uban ya gani ta gilashin taga. Ya shiga gareji ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa, na leƙa na gan shi yana sake karanta takardar bayanin yana bi da yatsa, yana neman inda ya yi kuskure. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, kayan ne ba su da kyau. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci.

Marigayiya mahaifiyata duk Kirsimeti tana haɗa ruwan citta, kuma ba ta taɓa rufe tulun ba tare da ta watsa zabibi ba. Takan ce shi ke ba abin sha jiki. Da Barend ya ɗora bokiti na biyu sai abin ya faɗo mini. Takardarsa ta ce in an zuba yis a rufe, kada a buɗe sai kumfa ta kwanta, shi kuwa ko za a yanka shi ba zai ɗaga murfin nan ba. Ranar Alhamis da ya tafi wasan domino na yanka zabibi ƙanana, na tafasa sabuwar safar mata, na ɗura shi a ciki da duwatsun wasan jikokina guda biyu don ta nutse, na ƙulle. Na dafa ayaba da ta nuna sosai na tace ruwan, na haɗa da baƙin shayi mai kauri da ya huce. Da yake ya ja layi a jikin bokitin da alƙalami, sai na kwashe jug ɗaya kafin in zuba nawa, don kada ruwan ya wuce layinsa. Wanda na kwashe na yi miyar nama da shi, ya ci yana santi. Kafin ranar da zai tsiyaye giyar da tiyo na ciro safata na binne a lambu.

Wannan giyar, Anti, ta yi. Tana da nauyi a baki, tana ɗan kama harshe, ba ka ce daga kwali mai araha ta fito ba. Barend ya kurɓa, sai ya ce mini, "Mama, kin ga amfanin bin doka? Wancan karon ashe ruwan ne bai kai ɗumi ba." Na ce ƙwarai kuwa. Na yi niyyar daga wannan shi ke nan, amma ya za a yi ta uku ta koma ruwan ɗauraya? Haka na ci gaba, bokiti bayan bokiti. Zan faɗi wani abin da ban faɗa wa kowa ba: ina jin daɗi. In baƙi suna yaba masa a wajen gashin nama, yana ta ƙafafa yana ba su darasin wanke kwalba, ni ina kicin ina murmushi ni kaɗai. A garejin nan ko tsintsiya ba ya bari in taɓa, yana cewa aikin lissafi ne. Wani lokaci ina kallonsa in ce a raina, yi ta lissafinka, tsoho.

To ga inda ta ɓaci. Barend yana da aboki, Tobie. Tun suna firamare suke tare, shi ya tsaya masa ranar aurenmu, shi ne uban baftismar ɗanmu na fari. Matarsa Lenie ƙawata ce, katanga biyu ce tsakaninmu. Tobie ya sha giyar Barend ya ce shi ma sai ya yi. Ya sayi kwali iri ɗaya a shago ɗaya. Tasa ta fito ruwa. Barend ya ce bai wanke bokiti da kyau ba. Ya sake, ta sake fitowa ruwa. Da farko abin wasa ne, Tobie in ya shigo sai ya ce, "Boka, yau ma ba za ka faɗa mini maganin ba?" Barend ya yi dariya ya ce masa hannu ne, ba kowa Allah ya ba ba. Duk a gabana ake yi, ina zuba musu shayi.

Sai auren Jolene ya taso, 'yar autar Tobie da Lenie. Tobie ya ƙudura a ransa giyar da za a sha a bikin 'yarsa ta hannunsa ce. Lenie ta roƙe shi su saya, ga gonakin inabi sun kewaye mu, ya ƙi. Ya zo ya kama hannun Barend ya ce ya rufa masa asiri ya tsaya a kansa. Barend ya je da ma'aunin zafinsa da cokalinsa, ya tsaya tun daga wankin bokiti har rufe murfi, bokiti uku. A satin da suka ɗora bokitan na sayi zabibi na sa a jakata na tafi gidan Lenie da niyyar in faɗa mata mu shiga garejin Tobie tare mu zuba masa. Na zauna, muka yi hirar leshi da kek da waye za a zaunar kusa da waye. Sai na fasa, don Lenie ba ta iya riƙe magana, na san kafin yamma Tobie ya ji, kafin gari ya waye Barend ya ji. Na dawo gida da zabibina a jaka.

Ranar biki giyar Tobie ta fito yadda kika sani. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Barend da zuciya ɗaya ya kawo kwalabensa gudummawa, aka jera su tebur ɗaya da na Tobie. Mutane suka riƙa ture na uban amarya suna laluben namu. Wani kawun ango mai ƙaton baki ya ɗaga kofi ya ce da ƙarfi, "A bikin Kana na Littafi Mai Tsarki ruwa aka mayar giya, a nan kuma an mayar da giya ruwa!" Zauren ya ɗauki dariya, dangin ango har da buga tebur. Na ga fuskar Tobie. Na ga Jolene ta sunkuyar da kai cikin farar rigarta. Ni ce na jawo wannan, kuma ina zaune da farantin shinkafa a cinyata.

Bayan an yanka kek Tobie ya sami Barend a waje, wurin masu gasa nama, a gaban maza. Ya ce, "Shekara nawa muna tare, Barend? Ka tsaya a kaina kana kallona ina haɗa abin kunya, alhali ka san abin da kake sakawa a taka. Don dai a ce kai ne gwani? A bikin 'yata?" Barend ya ce ba ya saka komai. Tobie ya ce masa maƙaryaci. Mijina yana da aibinsa, yana da taurin kai da son a yabe shi, amma tunda nake da shi ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya ɗauki hularsa muka taho gida ko sallama ba mu yi ba.

Tun daga nan ba sa magana. An daina domino. Tobie ya canza benci a coci. Lenie in mun haɗu a shago gaisuwa ce sama-sama. Barend ya rame, abinci sai ya tsakura ya ture. Yanzu dattijon cocinmu, Baba Fortuin, ya ce ba zai zuba ido tsofaffi biyu suna gaba suna kuma karɓar jibin Ubangiji ba, ya kira su ranar Lahadi bayan sujada. Barend ya ce zai ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse cewa babu abin da ya taɓa shiga bokitinsa sai abin da ke cikin kwali da ruwan famfo. Kuma ya ce in zo in tsaya masa shaida. Jiya yana ɗaure takalmi ya ce mini, "Mama, ko duniya ta ce ni maƙaryaci ne, ke kin san ni." Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka.

Na yi tunani iri-iri. Na ce ko in daina sakawa, ta gaba ta fito ruwa, Tobie ya ga shi ma ta same shi. Na ce ko in lallaɓa Lenie mu gyara bokitin Tobie a ɓoye, in tasa ta yi daɗi ya huce. Na ce ko in kwanta ciwo ranar Lahadi. Abin da nake tsoro shi ne in na faɗa, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana taƙama da shi tun da ya bar aiki, kuma ya zama abin dariya a unguwa: gwanin da matarsa ke yi wa aiki da safa. In na yi shiru kuma ya rantse a kan abin da ba haka ba, ni na sa shi. Anti, me zan yi?

Taki cikin damuwa,
Matar Mai Bokiti, Worcester

*

Matar Mai Bokiti,

Share hawayenki ki zauna mu yi magana, don lokaci ya ƙure. Amsar ita ce ki faɗa masa, kuma kafin Lahadi. Na san kin san haka tun kafin ki ɗauki alƙalami. Abin da kike nema shi ne wadda za ta ce miki akwai wata hanya, ni kuwa na duba ban ga ko ɗaya ba.

Dabarunki uku duk ki ajiye su. In kin daina sakawa, giyar da za ta lalace sai nan da watanni za a sha ta, rantsuwa kuwa jibi ce, kuma Tobie cewa zai yi da gangan aka ɓata ta don a rufe masa baki. In kin shiga garejin Tobie da Lenie, mazan da ake yaudara sun zama biyu, matan da ke ɓoye magana su ma biyu, ke da kanki kuma kin ce ƙawarki ba ta riƙe zance. Ciwon ƙarya zai hana ki tsayawa shaida, amma ba zai hana mijinki ɗora hannu a kan Littafi ba.

Ban ɗauke ki muguwa ba. Kin ga mijinki ya karaya, kika tallafe shi da abin da kika iya, kuma hannunki mai kyau ne. Da ranar farko kin shiga garejin kin ce, zo mu gwada abin da mahaifiyata ke yi, da babu wannan wasiƙar. Laifin ya fara ne daga ɓoyewa, ya girma ranar da kika dawo da zabibi a jaka kina sane da abin da zai sami Tobie. Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya cewa kina jin daɗin sirrin. Wannan murmushin na kicin ramuwa ce kike yi a kan tsintsiyar da aka hana ki taɓawa, kuma ya kamata shi ma ki faɗa wa Barend, ba tausayin kaɗai ba. Akwai kuma abin da ba ki kawo a ranki ba: mutane suna da haƙƙin sanin abin da suke sha. Zabibi da ayaba da shayi ba guba ba ne, amma akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu, kuma mai giyar da kansa bai san abin da zai ce ba in an tambaye shi.

Mazan ma ba su fita ba. Barend ya ga abokinsa yana faɗuwa sau da sau, maimakon ya ce abin nan da mamaki, zo mu bincika, sai ya ce hannu ne. Daɗin yabo ya hana shi tambayar da ta kamata. Tobie kuma ya ci mutuncin amininsa a gaban jama'a, ya kira shi da sunan da bai cancanta ba. Sai dai ki lura, Tobie bai yi kuskure a kan giyar ba. Harshensa ya gaya masa akwai wani abu a ciki, kuma akwai. Wanda ya zarga ne ba shi ba. Mutum biyu ne kowa yana da gaskiya a hannunsa, shi ya sa Baba Fortuin ba zai iya sasanta su ba komai dattakunsa. Ke kaɗai ce za ki iya.

Ga yadda za ki yi. Barend za ki fara faɗa wa, shi kaɗai, a gida, yau ko gobe. Kada ya ji daga bakin Lenie ko ɗanku, kada kuma ki bari sai a gaban dattijo ki fashe da kuka ki tona, wannan kunya ce ta biyu a bainar jama'a. Ki faɗa a taƙaice: abin da kike sakawa, tun yaushe, da dalili. Ki ba shi haƙuri ba tare da kin haɗa da "ai don kai na yi" ba. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya kula ki. Ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Kada ki bi shi da kuka har ya koma shi ke rarrashinki.

In ya huce ya fara sauraro, akwai gaskiyar da za ki ba shi, ba don lallashi ba. Giyar gida da yawa tsami take yi ta zama ruwan tsami saboda ƙazantar bokiti da gaggawar mai ita. Ta Barend ba ta taɓa lalacewa ba, kuma zabibinki ba zai ceci bokiti mai datti ba. Tsabtarsa da haƙurinsa ne suka riƙe abin da kika zuba. Giyar nan ta mutum biyu ce tun tuni, ɗayan ne bai sani ba. In yana so ku ci gaba, ku yi a fili, ku riƙa faɗa wa masu sha abin da ke ciki. Ku tsaya a kan kayan kicin da kuka sani, a zuba su tun farko lokacin da yis ke aiki. Kada wani ya ba ku shawarar ƙara sukari ko zuma lokacin ɗurawa a kwalba ku ɗauka, kwalabe fashewa suke yi.

Daga nan sai gidan Tobie, ku biyu, kafin Lahadi in Barend ya yarda. Ke za ki yi magana, don ke ce mai bayani. Ki ba Tobie haƙuri, ki ba Lenie, kuma ki nemi Jolene ki ba ta nata daban, domin ranarta ce aka yi dariya a ciki. Kada ki tsaya jiran Tobie ya janye kalmarsa nan take. Mutumin da ya gane ya zagi amininsa a banza kunya ce ke fara kama shi, kuma kunyar tsofaffin maza da fushi take kama. Ki ba su wuri. Baba Fortuin kuma ku sanar da shi babu sauran rantsuwa.

Batun dariyar unguwa, za a yi, ba zan ruɗe ki ba. Za a tsokani Barend a wajen gashin nama har Kirsimeti, daga nan a sami wani a koma kansa. Wannan zai iya ɗauka. Abin da nake shakkar zai iya ɗauka shi ne ya gano daga baya, kuma zai gano, cewa ranar da ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki matarsa tana tsaye a gefensa ta san ba haka ba ne, ta ce amin. Kina tsoron ƙwace masa taƙamar giya, alhali abin da yake ramewa a kansa sunansa ne na mai gaskiya da abokinsa na ƙuruciya, kuma duka biyun suna hannunki. Ki mayar masa da su.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran maigidanki, ya daidaita tsakanin gidajen nan biyu.

Anti Rosina